Jan Fenti a Bangon Malam Na'iya

Ku gyara zama, kai ma mai gyangyaɗi a can baya, yau sai kun yi alƙalanci.

Malam Na'iya mai walda ne, a ƙofar gidansa yake sana'a tun yana da baƙin gashi. Rannan ma'aikatan tsara birni suka zo suka zabga wa bangonsa jan fenti. Wai rumfarsa ta hau kan kwata, maƙwabta sun kai ƙarar hayaniya, kuma ba shi da izinin yin sana'a a unguwar zama. Ko ya gyara, ko katafila ta gyara masa. Tsoho ya zauna ya yi tagumi, don da wannan rumfa yake ci da gida. To, 'ya'yansa uku ba su zauna ba.

Ladidi ta ga maza sun ƙi sauraron ubanta, sai ta bi ta cikin gida. Ta durƙusa wa Iya Delu, wadda ta fara kai ƙarar, alhali sun daɗe ko sallama ba sa yi. Ta ce, "Iya, ki yi wa Allah." Suka yi da matan layin ba za a buga ƙarfe ba tsakanin azahar da la'asar. Mata suka amince, mazan kuwa ina za su?

Sallau ya riga ya shafe ɗakinsa tsaf, bikinsa ya ƙarato. Wallahi da hannunsa ya ɗauki guduma ya fasa bangon, ya haɗe ɗakin da zaure, aka shigar da injin walda ciki, kwata ta samu hanya. Iyayen yarinya suka ce ba sa ba da 'ya ga marar ɗaki. Ya yi kuka, amma bai fasa ba.

Tukur, direban wani Alhaji, shi ya sha je-ka-ka-dawo a ofis wajen neman izini har takalminsa ya cinye, Alhaji ya gaji ya karɓe makullin motarsa. Ranar da katafila ta shigo layin, shi ya iso da jami'in dubawa a bayan babur, aka tsayar da ita tana huci.

Jami'i ya duba ya gamsu, ya ce, "Baba, suna ɗaya ake sawa a izini, kai kuma ido ya tafi. Wa za mu rubuta?"

Malam Na'iya ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ni dai na san nawa, amma ba zan faɗa ba. To, ku fa, sunan wa za a rubuta?