Randar Iya Damaris

Ku matso kusa, yara. Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta iso mu ji ta, Goggo.

A wani ƙauye da ke gindin dutse an yi wata mace, sunanta Liyatu. Ita ce mai ba da waƙa a zumuntar matan majami'arsu. In ta ɗaga murya, har masu kiwo a bayan gari sukan tsaya su saurara. Ana nan sai uwar zumunta ta tsufa, ta ce ƙafa ta gaji, a zaɓi wata. Aka sa ranar zaɓe Asabar ta kafin bikin Ista. Dokarsu kuwa, wadda ba ta wurin ba a zaɓenta.

Liyatu ta daɗe tana son kujerar nan. Akwai kuma Keziya mai kaɗa ganga, ita ma tana so. Kullum suna gaisawa da fara'a, kowacce tana auna 'yar'uwarta.

Sai Liyatu ta ce a ranta, "Mata suna son mai kula da marasa lafiya." Sai ta tashi a taro ta ce, "'Yan'uwa, Iya Damaris tana kwance a ƙarshen gari. Ƙafa ta hana ta tashi, ɗanta kuma yana can kudu. Mu je mu gaishe ta."

Mata suka ce, "Kin yi tunani."

Lokacin bazara ne. Rijiyoyi sun ƙafe, sai an je rafi an tona rairayi, an jira ruwa ya tsattsafo.

Sai suka ɗaura zanen zumunta, suka jeru. Liyatu a gaba tana bayarwa, suna amsawa:

"Mun zo gaishe ki, Iya,
Mai Ceto ya ɗaga ki."

Suka isa maƙogwaro a bushe. Tsohuwa ta ɗago kai daga tabarma ta ce, "Maraba da 'ya'yana. Baƙo ba ya zama bai sha ruwa ba. Ga randa nan, ga moɗa, ku ɗiba." Suka sha, suka ƙoshi. Suka ajiye mata ƙunshin gero, suka yi addu'a, suka tafi.

Da mako ya zagayo suka koma da waƙarsu. Suka tarar Iya ta rame. Ta ce, "Ga randa nan, ku ɗiba." Sai da mace ta sunkuya sannan moɗa ta taɓa ruwa. Suka sha, suka ajiye ƙunshin dawa. A hanya Keziya ta ce, "Jikin nan bai yi sauƙi ba. Ina ga waƙar ce ba ta da ƙarfi."

Liyatu ta ce, "Ko dai gangar ce ta yi sanyi."

Ran jajiberin zaɓe suka koma karo na uku. Muryar Iya da ƙyar take fita. Ta nuna randa da hannu kawai. Aka yi ta sha, aka ce a rage wa mai waƙa. Da Liyatu ta zura moɗa, sai ta ji ta kankari gindin randa. Abin da ta ɗebo rabinsa laka ne.

Sai ta tsaya da moɗa a hannu, ta dubi gidan. Ga ƙunshin gero a ɗaure yadda suka bar shi. Ga na dawa a kansa. Turmi a kife. Murhu kuwa, kaza ta yi ƙwai a ciki.

Da mata suka fita sai ta ce musu tana zuwa. Ta durƙusa ta ce, "Iya, wa yake ɗebo miki ruwa?"

"Wata Bafulatana mai tallan nono ce takan zuba mini in ta wuce. Sun tashi da shanunsu."

"Mu kuma muka zo muka shanye. Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"'Yata, a ce baƙi sun shigo gidana da sunan Ubangiji na hana su ruwa? Wane bakin zan faɗa da shi?"

Liyatu ta miƙe. Ta je gida ta juye ɗan abin da ya rage a randarta, ta dama kunu, ta kawo. Iya ta sha kaɗan. Liyatu ta ce a ranta, "Gobe in an gama zaɓe, ni da kaina zan sa a cika randar nan."

Da gari ya waye ta yi wanka, ta ɗaura sabon zane, ta kafa ɗankwali. Ta ce bari ta leƙa Iya a tsaitsaye. Da ta shiga sai ta same ta a ƙasa bakin ƙofa. Ta yi ƙoƙarin fita ban ɗaki ta faɗi, ta ɓata jikinta, zazzaɓi ya rufe ta, ƙudaje sun taru. Babu ko ɗigon ruwa a gidan.

Tsohuwa ta kama mata zane ta ce, "Don Allah kada ki faɗa wa kowa yadda kika same ni."

Liyatu ta ce, "Ba mai ji, Iya."

Sai ta ja ta inuwa, ta ɗauki tulu, ta nufi rafi. Tana cikin tonon rairayi sai ta ji an buga ƙararrawar majami'a ta fari. Ta ce, "Da saura." Ta zauna tana jiran ruwa, ruwa yana tsattsafowa kamar ba ya so.

Ta cika tulu, ta ɗora a ka. Tana hawowa sai aka buga ta biyu. Sai ga mata a jere, Keziya a gaba da ganga. Suka ga Liyatu, sabon zane ya sha laka, ɗankwali ya zama gammo.

Keziya ta ce, "Mai waƙa, yau kuma tallan ruwa ake? Majami'a tana nan, kin ba ta baya."

Wata ta ce, "Ajiye tulun mu tafi, Liyatu. Da yawanmu ke muke so."

Maganar ta zo mata har leɓe. Ta san in ta faɗi abin da ta gani, ba sai an ƙirga hannu ba, kujera tata ce. Ta kuma san kafin rana ta faɗi, duk ƙauyen zai ji yadda aka sami Iya Damaris. Sai ta haɗiye ta ce, "Ku yi gaba, ina da ɗan aiki."

Keziya ta ce, "Tsoron faɗuwa dai." Suka yi dariya suka wuce.

Lokacin da aka buga ta uku, Liyatu tana durƙushe tana wanke tsohuwa. Ta wanke ta tas, ta sauya mata zane, ta wanke tabarma ta shanya. Ta kori kaza, ta hura wuta. Ta tayar da turmi ta surfa gero. Tana cikin daka sai ta jiyo guɗa daga majami'a, da ganga. Ta san gangar wace ce, ta gane Keziya aka zaɓa. Taɓarya ta tsaya a hannunta kaɗan, sai ta ci gaba.

Aka yi ta magana a gari. Wasu suka ce girman kai ne, wasu suka ce baƙin ciki. Liyatu kuwa sai ta ɗaura zanenta. Ta je gidan Keziya ta rusuna ta ce, "Uwa, na zo gaisuwa. Ina kuma da roƙo. In za mu gaida mara lafiya, kowacce ta tafi da tulunta, a kai gari maimakon tsaba."

Keziya ta ce, "Zan duba."

Ran taro sai Keziya ta tashi ta ce, "'Yan'uwa, na kwana ina tunani. Daga yau kowacce ta tafi da tulunta." Mata suka yi guɗa, suka ce lallai an yi dacen uwa. Liyatu ta ba da waƙa, suka amsa.

Iya Damaris ta fara zama, ta fara dafa bango. Liyatu ba ta fasa zuwa ba. Wata rana tana ba ta kunu, sai tsohuwa ta riƙe mata hannu ta ce, "Na ji abin da kika rasa saboda ni. Na kuma ji wadda ake yabo. Bai yi miki zafi ba?"

Liyatu ta ce, "Ya yi, Iya. Har yanzu yakan yi. Buɗe bakinki, kunun zai huce."

Ƙurunƙus, ta sauka a kan kusu. Mai Ceto da ya wanke ƙafafun almajiransa bai jira an yi masa kirari ba. Ku ma in kun je gaida mara lafiya, ku leƙa randarsa kafin ku buɗe baki. To, a tashi a kwanta.