Albarkar da Eufemia Ta Hana Ɗanta

Malaminmu, bawan Allah mai ilimi da zuhudu, Ubangiji ya ƙara masa yarda, ya tsufa yana koyar da maganar Almasihu a ƙauyenmu na masunta a gaɓar tekun Paria, kuma saboda tsoron abin da baki ke jawowa ba a taɓa jin ya ambaci wanda ba ya nan sai da alheri ba.

Daga cikin karamominsa akwai abin da ya faru da Eufemia, mai soya kifi, mace mai kirki amma mai saurin baki. A wurinmu ɗa ba ya fita sai ya ce wa uwarsa, "Albarka, Mama," ta amsa, "Allah ya yi maka albarka." Ranar Juma'ar da ake tunawa da gicciye Almasihu, ranar da ba mai shiga teku, ɗanta tilo Nicanor ya saɓi komarsa ya tsaya a ƙofa ya nemi albarka. Ta hana shi fita, ya yi dariya ya ce kifi bai san ranar coci ba.

"To tafi, mai kunnen ƙashi," in ji ta. "Teku ta riƙe ka."

Ya sake nema, ta juya masa baya. Ya tafi, injin kwalekwalensa ya mutu, iska ta yi waje da shi can tsakiyar teku. Masunta suka nema har suka gaji.

Da safiyar Lahadin Ista ta je wurin Malam, ido ya kumbura, ta roƙe shi ya yi addu'a. Ba wanda ya ji abin da ta faɗa wa ɗanta, ita kuma kunya ta hana ta faɗa. Malam ya dube ta cikin natsuwa ya ce, "'Yata, yaron ya roƙe ki abu sau biyu, har yanzu yana jira. Addu'ata ba za ta sha gaban maganar uwa ba."

Ya kama hanya, tana biye, jama'ar coci na biye da su, har bakin ruwa. Ya ce tun da da murya ta aika maganar farko, da murya za ta aika ta biyu. Eufemia, wadda ake jin faɗanta daga kasuwa, da ƙyar ta ce, "Nicanor, Allah ya yi maka albarka." Malam ya ce amin, ya koma ya ci gaba da karatunsa.

Kafin azahar iskar da ke kaɗawa waje ta juyo. Da la'asar ta turo kwalekwalen har kan yashi, Nicanor a kwance ciki, leɓe ya tsage don ƙishi. Aka ɗago shi, ya buɗe baki zai nemi albarka, ta toshe masa baki da hannu tana kuka.

"Na ji, Mama," in ji shi. "Da safe na ji ki. Kin dai daɗe."

Girma ya tabbata ga Ubangiji wanda ya ba bawansa wannan basira. Ya Almasihu, ka tsare mana harsunanmu, ka ba mu rabo daga albarkar Malam, mu da 'ya'yanmu da ke kan ruwa. Amin.