Ƙulli Uku a Bakin Zanen Ƙoƙi

Ga ta nan, ga ta nanku, ku masu kunnen ji.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

To ku matso. Lantana, bar jan bakin mayafin nan nawa, ya girmi uwarki, kuma tatsuniyar yau a kan irinsa take.

Ƙoƙi dai kun san ta, matar Gizo. Abin da ba ku sani ba, tana da uwa a hayin kogi, tsohuwar masaƙiya, wadda tun daga kaɗi har saƙa ba ta yarda wani hannu ya taɓa mata zare. Da za a kai Ƙoƙi ɗakinta, iyayen wasu suna ta cika akwatuna, ita kuwa tsohuwar nan zane uku ta miƙa wa 'yarta. Ɗaya fari sol, ɗaya baƙi da ya sha baba a marina, na ukun saƙi mai ɗigo-ɗigo.

Ƙoƙi ta turo baki, ta ce shi ke nan kayan nata? Tsohuwa ta zaunar da ita. Ta ce mata zanen kirki da hannu ake zaɓensa, ido kuwa sarkin ruɗu ne. Ta ce waɗannan ukun ba sa faɗa da juna, duk wanda ta ɗaura, ɗan'uwansa zai yi mata mayafi. Biyu a jiki, ɗaya a kan igiya yana shan iska. In farin ya gaji ta kai shi marina, zai dawo mata sabo. Kada kuma ta shigo da na huɗu sai ta tabbata zai zauna lafiya da na gida.

Sannan ta kama hannun Ƙoƙi ta ɗora a bakin zanen, ta ce, "Kin ji ƙulli uku nan? Kowanne na yi masa. Idona ya fara tafiya, Ƙoƙi. Ran da ya tafi gaba ɗaya, da ƙullin nan zan gane ke ce kika zo."

Ƙoƙi ta ce ta ji, Inna.

To ku ji yadda zane uku suka riƙe mace. In suna ne, ta ɗaura saƙi ta yafa fari. In gaisuwar mutuwa ce, ta ɗaura baƙi ta lulluɓa da saƙi. In kasuwa ce, baƙi a ƙasa, fari a sama, gobe ta juya su. Kafin wata ta gama zazzage akwati tana tsaki, Ƙoƙi ta isa gidan sha'ani, ta gaisa, har ta karɓi taɓarya tana taya daka. Matan gari kuwa duk sun ɗauka ɗakinta cike yake da tufafi.

Shi kuwa Gizo, kun san halinsa, ga ƙyuya ga ci. A zamanin nan Balbela da Hankaka da Zabuwa ba su da suturar kirki, duk jikinsu launin ƙasa ne. Gizo ya lura duk sanda Ƙoƙi ta wuce sai sun bi ta da kallo. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana zuga su, har Balbela ta ce in ya samo mata farin za ta cika masa ƙwarya da fara. Hankaka ta ce ita baƙin take so, ladansa tsokar nama. Zabuwa ta ce a ba ta saƙin, shi kuma ya sha ƙwai.

Gizo ya tafi lambu inda furanni suke, ya kafa saƙarsa ya laɓe. Su Malam Buɗe-littafi suka yi ta faɗawa ciki. Duk wanda ya maƙale sai Gizo ya fito ya ce ba zai sake shi ba sai ya tuɓe rigarsa. Kwana uku yana wannan ta'asa, ya tara tulin tufafi, ja da ɗorawa da shuɗi da ruwan hoda, masu walƙiya har suna kashe ido.

Ya ɓoye kayan a bayan rumbu, ya shigo gida yana ajiyar zuciya. Ni ba zan kwaikwayi tsamin bakinsa ba, haƙoran yin haka sun zube, ku dai ji abin da ya ce. Wai ya bi ta bakin rijiya ya ji mata suna dariya, suna cewa Ƙoƙi mai zane uku kamar duwatsun murhu. Wallahi ba wadda ta faɗi haka, shi ya ƙago abinsa. Amma maganar ta soki Ƙoƙi, ranar ko tuwo ba ta iya haɗiya ba.

Da gari ya waye ya shimfiɗa mata riguna goma a tsakar gida, ya ce duk nata ne in za ta ba shi farin zanen nan. Ƙoƙi ta dubi ƙulli uku. Ta dubi walƙiyar nan, ta ce a ranta ai saura biyu, Inna za ta gane ta da su. Ta miƙa. Gizo ya kai wa Balbela, ya cinye fara shi kaɗai.

Bayan kwana biyu ya kawo wasu goman, ya ce baƙin nan yana sa ta kama da mai takaba. Ta ce a ranta ai saura ɗaya. Ta miƙa. Ya kai wa Hankaka, ya ci nama har da lasar yatsa.

Da ya zo neman saƙin, Ƙoƙi ta ƙi. Ta ce wannan kam na Inna ne. Gizo ya yi dariya, ya ce tsohuwa da ranta da lafiyarta, in an je ganinta ai sai ta saƙa wani, zare ya ƙare a duniya ne? Ya zube mata sauran kayan gaba ɗaya a kan cinya. Haba 'yan nan, abin da ya fi ba ni haushi, ba ƙwace ya yi ba. Da hannunta ta ninke saƙin nan ta ba shi.

To ga Ƙoƙi da tufafi talatin, ga ta kuma ba abin sawa. Ja ba ya shiri da ruwan hoda, ɗorawa ba ta ga maciji da shuɗi. Ka taɓa su launin ya biyo yatsanka, ka sa su a ruwa su narke, ka ɗaura su su zame. Aka yi suna, kafin ta gama zaɓe an ci tuwo an kife kwanuka. Aka yi biki, ta isa an riga an kai amarya. Ita da ake cewa ta fi kowa sammako, yanzu sai a ce a ajiye wa Ƙoƙi ƙanzo.

Ana nan, ana nan, ran nan da hantsi sai ga Kurciya, maƙwabciyar tsohuwa, ta tsallako kogi. Ta ce jikin Inna ya yi tsanani. Ido ya tafi, kunne ya bi shi, hannu kaɗai ya rage mata, duk wanda ya shiga sai ta lalubi bakin zanensa.

Ƙoƙi ta miƙe zumbur. Ta faɗa ɗaki tana tonon kaya, ko Allah zai sa a sami mai kauri irin na saƙar gida. Ta ɗaura wannan ta kwance, ta ɗaura wancan ta kwance, ta ɗaura na uku shi ma bai yi ba. Sai da rana ta take tsaka sannan ta fito cikin wani shuɗi mai santsi, ta shiga jirgin fito ta haye.

Ta tarar da tsohuwa kwance a kan tabarma kusa da masaƙarta, ta rame ta zama kamar kara. Ƙoƙi ta durƙusa ta ce, Inna, ga ni na zo. Tsohuwa ba ta ji ba. Ta dai ji motsi, ta miƙo hannu ta kama bakin zanen, ta bi shi da yatsa daga wannan gefe zuwa wancan. Ta sake bi. Ta bi na uku a hankali, sannan ta saki.

Ta ce, "Sannu da zuwa, baiwar Allah, na gode da dubiya. In kin gamu da 'yata Ƙoƙi a hanya, ki ce mata ina jiranta."

Ƙoƙi ta kai bakinta kunnen uwar ta ce ita ce. Ta ɗauki hannun ta ɗora a fuskarta, ga hawaye shaɓe-shaɓe. Amma hannun da ya shekara sittin yana bin zare, zare ya sani. Ya zame daga fuskar ya koma neman ƙulli, bai samu ba, tsohuwa ta juya fuskarta bango.

Ƙoƙi ta fito da gudu, ta sake hayewa, ta sami Gizo kwance a inuwa, ciki ya yi tulu. Ta tambaye shi inda ya kai zannuwanta. Ya faɗa mata ba ko kunya, ya ƙara da cewa ai shi bai ƙwata ba, ita ta miƙo. Ta ɗauki muciya, ya haye rufin ɗaki ya maƙale a kusurwa. Har yau can yake, ku ɗaga kai ku gani.

Ta fara zuwa wurin Balbela, ta same ta a bayan saniya, fes da ita cikin farin zane. Ta roƙe ta aro na yini ɗaya tak. Balbela ta ce yanzu da farin nan shanu suke gane ta, in ta tuɓe wa zai bar ta ta hau? Ta tashi ta bi garke, ta bar Ƙoƙi tsaye.

Ta je wurin Hankaka a kan rimi. Kun san kirarinta, mai da ɗan wani naka. Ta rantse ta kuma rantsewa wai baƙin nan gadon kakarta ne, ba ta taɓa jin sunan wata masaƙiya ba. Ƙoƙi tana hango ƙullin uwarta yana lilo a gefen fiffike, amma ina za ta iya hawa rimi? Rana ta faɗi ba ta sami komai ba.

Da sassafe ta shiga daji neman Zabuwa. Zabuwa na hango ta ta zura da gudu, kun san ta da shegen gudu. Ƙoƙi ta bi ta cikin ƙaya, kayan walƙiyar nan suna yagewa suna maƙalewa a reshe, har ta koma rufe jiki da ganye. Sai wajen azahar Zabuwa ta gaji ta tsaya. Ƙoƙi ta zube a gabanta, ta haɗa hannu biyu.

Ta ce, "Ba zanen nake roƙo ba, ya zama naki. Bakinsa kawai za ki yago mini, inda ƙulli uku suke. Uwata tana jirana, ba ta san na zo ba."

Tausayi ya kama Zabuwa. Ta sa baki ta yage gefen saƙin ta miƙa mata. Shi ya sa har gobe zanen Zabuwa bai kai mata wuya ba.

Ƙoƙi ta damƙe ƙyallen nan da hannu biyu, ta yi ta gudu har bakin kogi. Ta tarar jirgi yana can hayi, sai da ta jira ya dawo. Da ta isa ƙofar gidansu bayan la'asar, sai ta ga tabarmi a shimfiɗe a waje, maza suna zaune sun yi jugum. 

Kurciya ce ta ja ta gefe. Ta ce tun azahar Allah ya karɓi abinsa, har an kai ta. Ta ce tun jiya tsohuwa ba ta bar zanen kowa ya wuce ba sai ta shafa, kuma da ta ji ƙarfinta ya ƙare sai ta ce kada a ga laifin Ƙoƙi, wataƙila saƙon ne bai isa gare ta ba, don da ta ji da ta zo.

Wannan magana ita ta karya Ƙoƙi. Da zagi uwar ta bar mata da ya fi mata sauƙi. Ta shiga ɗakin, ta zauna gaban masaƙa, ta ɗora yatsa a kan ƙulli uku, ta yi ta kiran Inna, ba mai amsawa. Da na sani ƙeya ce, jikokina, kullum a baya take.

Tun daga ranar Ƙoƙi ba ta ƙara yin ƙiba ba, ba ta kuma ƙara sa wani abu ba sai launin ganye. In kun gan ta a kan reshe, ku dubi hannuwanta, za ku gan su a haɗe a ƙirji. Ƙyallen nan take riƙe da shi, tana juya kai tana duban hanya. Balbela da Hankaka da Zabuwa kuwa, zane ɗai-ɗai suka samu, ga shi har yau da shi suke zuwa ko'ina, bai koɗe ba.

To kun ji. Sutura ba yawa ba ce. Kaɗan masu kyau, masu shiri da juna, waɗanda kika san hannun da ya ba ki, sun fi cikin akwati na ƙyale-ƙyale. Kuma abin da uwa ta ce ki riƙe, ki riƙe shi tun tana da hannun shafawa. Lantana, yanzu sai ki taɓa bakin mayafin nawa, amma a hankali.

Ƙungurus kan ƙusu. In akwai ƙarya a ciki ta Gizo ce, ku bi shi rufin ɗaki ku tambaye shi.