Murhun da Kaza Ta Kwanta a Ciki

Akwai wani maigida a wani gari, matarsa tana turara shinkafa ta kai kasuwa. Kullum tun safe tana cikin madafa, a gaban duwatsu uku, da jaririya goye a bayanta.

Ana nan sai gwamnati ta kafa doka, ta ce hayaƙin da gidaje ke turawa sama ya yi yawa, yana ƙara wa duniya zafi, yana rikita damina. Saboda haka kowane gida ya gina sabon murhu na laka, mai bututun fitar da hayaƙi, wanda ba ya cin itace da yawa.

Maigidan ya ji, ya ce, “To! Yau kuma gwamnati ta shigo mana har madafa.” Amma da yake yana tsoron duba-gari, ma'aikacin da ke zagaya gidaje, sai ya gina murhun a bakin zaure, inda duk mai shigowa zai gani. Ya shafe shi sumul.

Shi wannan murhu bakinsa ƙarami ne, ba ya karɓar gungume sai an faskara ƙanana. Faskare kuwa aikin maigida ne a gidan nan, shi kuma ba ya shiri da gatari.

Matar ta ce, “Maigida, ka faskara mini in koma can. Yarinyar nan tari take yi, ni ma ƙirjina ya yi nauyi.”

Ya ce, “Uwata a kan duwatsu uku ta yi tuwo har ta tsufa. Doka cewa ta yi a gina, na kuwa gina.”

Aka yi wata uku a haka. Tarin jaririya ya ƙaru, har nono ba ta kamawa sosai.

Ran da aka ce duba-gari zai zo, maigidan ya kankaro baƙin hayaƙi daga rufin tsohuwar madafa, ya shafa a bakin sabon murhu, don a ce ana girki a kai.

Duba-gari ya zo, suka gaisa. Ya durƙusa, ya zura hannu cikin murhun. Sai ga kaza ta yi tsalle ta fito tana kyarkyara, ta bar ƙwai tara a kwance.

Ya ce, “Baba, wutar gidanka akwai sanyi. Har kaza ta samu ɗaki.”

Daga can ciki kuwa sai aka jiyo tarin jaririya, ɗaya bayan ɗaya, ba hutawa.

Duba-gari ya ce, “Ba zan rubuta sunanka ba. Abu ɗaya nake roƙo. Mu shiga madafar nan, mu zauna har tukunya ta tafasa.”

Suka shiga. Tun ruwa bai yi zafi ba, maigidan ya fito da gudu, idanu jawur, yana haki. Ya waiwaya, ya ga matarsa tana tsugune a inda ya kasa zama, da 'yarsa a bayanta. Ya kwashe ƙwan daga cikin sabon murhu ya sa wa kazar a kwando, ya ɗauki gatari.

Ma'anar wannan misali ita ce: murhun nan umarni ne, na Allah ko na hukuma mai neman lafiyar jama'a. Maigidan kuwa mu ne, duk lokacin da muka yi biyayyar bakin zaure, muka bar cikin gida yadda yake. Muna zuwa sujada da tufafi wankakku, amma ɓangaren umarnin da zai sa mu gumi, shi muke tsallakewa. Wanda ke shan wahalar kuma ba mu ba ne, wanda ya fi mu rauni ne.

Shekara hamsin na yi ina hura wuta, ban taɓa ganin hayaƙin da ya tsaya a gidan mai shi ba. Ya bi ƙirjin na kusa, sauran ya hau saman da dukanmu muke jiran ruwa daga gare shi. Kada wani ya ce mini dokar hayaƙi ta mutanen birni ce.

Duba-gari na duniya sai da kaza ta tona asirin maigidan kafin ya gane. Ubangiji ba ya bukatar kaza. In kun tashi daga nan, kowa ya shiga madafarsa ya zauna, ya ga wa yake tari saboda shi. Sa'an nan ya nemi gatarinsa.