Malam Umara Bai Ci Komai Ba

Jama'ar wannan shafi, barkanmu da warhaka. Labarin yau sai da na ajiye waya na yi dariya kafin na iya ƙarasa rubuta shi.

Akwai wani malamin firamare a garin Gaya mai suna Malam Umara. Hausa yake koyarwa a wata makaranta da ke Toranke, can cikin Ajingi. Kullum ya fita da sassafe, sai la'asar ya dawo. Mutumin kirki ne, ba ya shiga haƙƙin kowa. Sai dai fa akwai shi da gyara wa mutane magana. Ka kuskura ka ce "na ci mangwaro" a gabansa, ko a wajen ɗaurin aure ne sai ya tsayar da kai.

"Ba a cin mangwaro, shan sa ake yi. Tuwo ake ci."

Matarsa Batula shekara ashirin da shida tana shan wannan gyara. Ta riga ta saba. In ya fara, sai ta ce "To, Malam," ta ci gaba da tankaɗenta.

Ana nan sai yanar ido ta rufe wa Malam idon dama, na hagun ma ya fara dishi-dishi. Ya ajiye babur ya koma hawa acaɓa. Alƙur'ani sai ya kawo shi dab da hanci yake iya karantawa. Ranar da hankalin Batula ya tashi sosai ita ce ranar da ya shigo gida ya tsaya yana gaida buhun gero da ke jingine a zaure, yana zaton maƙwabciyarsu ce ta zo.

Suka je wani asibitin ido a Kano. Likita ya duba ya ce aiki ne mai sauƙi, amma awo ya nuna Malam yana da ciwon suga. Ya rubuta masa magani, ya sa ranar aiki nan da mako shida.

"Amma ka ji da kyau, Malam," in ji likitan. "In ranar ta zo sugan bai sauko ƙasa da ɗari da arba'in ba, ba zan taɓa idon nan ba. Layin kuma dogo ne, in ka rasa wannan wataƙila sai baɗi."

Batula ta dawo gida da lambar nan a ka. Ta san idon hagun ba zai jira baɗi ba.

Kwana biyu da dawowarsu, wani abokin aikin Malam ya turo masa saƙon murya a waya kan wani tsarin cin abinci da ake kira keto. Wai ka bar duk abin da ke da sitaci da zaƙi, ka koma nama, ƙwai, kifi, ganye da mai. Malam ya saurara sau uku. Ya samo ƙaton kwali ya rubuta da manyan baƙaƙe: ABUBUWAN DA BA A CI. Ƙasa ya jero tuwo, shinkafa, burodi, taliya, doya, rogo, dankali, waina, ɗanwake da suga. Ya buga kwalin da ƙusa a ƙofar madafa.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya a ƙaramin asibitin unguwarsu, Sista Halima Sadiya, wadda Malam ya koyar tun tana aji huɗu. Batula ta matsa sai da suka je suka nuna mata tsarin. Sista ta ce to, amma kada ya bar maganinsa, kuma ya riƙa zuwa duk Asabar da safe kafin ya karya, ta auna shi.

Batula ta ɗaura ɗamara. Da safe ƙwai da kabeji. Da yamma miyar zogale da man shanu, ko gasasshen kifi da ganye. Ta ga ba za ta iya tuƙa tuwo ƙamshi ya cika gida mijinta yana haɗiyar yawu ba, sai ita ma ta bari. Abin da ya ci shi take ci. Ba ta faɗa masa ba, shi kuma idonsa bai kai ya ga kwanonta ba.

Malam kuwa, wayyo, majalisa ta shiga uku! Duk wanda ya sayi waina a gabansa sai ya sha lacca.

"Ku ci gaba da cika ciki da sitaci. Ni yanzu ɗan keto ne. Abin ilimi ne, ba kowa zai gane ba."

Kafin mako ya zagayo, har masu acaɓa sun koma kiransa Malam Keto, shi kuma yana amsawa da fara'a.

Asabar ta farko Sista ta soki ɗan yatsansa, na'ura ta nuna ɗari biyu da talatin. Malam ya ce jiki bai gama sabawa ba.

Asabar ta biyu, ɗari biyu da hamsin da biyar. Malam ya ce batirin na'urar ne ya yi sanyi. Sista ta auna kanta a gabansa, ya ga casa'in da biyu.

A hanyar komawa gida ya samo mai laifi.

"Batula, miyar nan taki tana yin kauri da yawa. Gari kike zubawa a ciki?"

"Wane irin gari kuma, Malam?"

"Ni dai na san ban ci komai ba. In ba daga bakina ba ne, to daga tukunya ne."

Daga ranar, da ya dawo daga makaranta sai ya jawo kujera ya zauna a ƙofar madafa, ƙarƙashin kwalinsa, wai yana sa ido. Mutumin da ya gaida buhun gero, shi ne mai sa ido! In ta ɗauko gishiri ya ce mene ne wannan fari-farin, sai ta ɗanɗana masa.

Maganar ta yi wa Batula ciwo ƙwarai. Ta shiga ɗaki ta yi kukanta, ta wanke fuska, ta fito ta ci gaba da gyaran zogale. Ba ta rama ba. Abin da ya fi damunta ba zargin ba ne, kwanakin da ke ƙarewa ne, ga lamba tana hawa maimakon sauka.

Ranar Juma'ar mako na uku, da hantsi, sai ga Hanne ta yi sallama da ƙwaryar man shanun da Batula ta sa a kawo mata. Hanne matar Ɗantani ce, wani makiyayi da gidansa ke bayan makarantar su Malam a Toranke, kuma abokin Malam ne na shekaru. Bayan sun gaisa ta sha ruwa, sai ta gyara zama.

"Yaya Batula, don Allah in tambaye ki, kada ki ji haushi. Wane laifi Malam ya yi miki kika hana shi tuwo?"

"Ni na hana shi?"

"To ai ya ce rabonsa da tuwo mako uku. Maigidana har ƙwalla ya yi. Ya ce Hanne, bawan Allah nan kada ya faɗi a aji. Da can curi biyu nake dama masa da azahar, yanzu na mayar huɗu."

Batula ta ajiye wuƙar da ke hannunta.

"Curi huɗu na me?"

"Na fura mana. Amma ki kwantar da hankalinki, ya ce an hana shi suga, to ko ƙwaya ba ma sawa. Zuma maigida yake kwarara masa, mai kyau, ta amya. In Malam ya gama kuma ga mangwaronmu ya nuna, yakan sha shida ko bakwai a gindin bishiya. Yau ma sai da na dama na rufe masa kafin in taho."

Batula ta kalli Hanne, ta ɗaga kai ta kalli kwalin da ke ƙofar madafa. ABUBUWAN DA BA A CI. Ta sake karantawa a hankali. Sai dariya ta ƙwace mata. Ta yi ta yi har ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki, hawaye na zuba. Hanne ta tsorata, tana ta tambaya ko ta faɗi abin da bai kamata ba.

"Ba ki yi laifin komai ba, Hanne. Allah ne ya kawo ki. Wallahi yau kin sauke min dutse daga ƙirji."

Da Malam ya dawo ba ta ce masa uffan ba. Ta san mijinta. In ta tare shi a gida, sai ya kawo mata nahawu har magariba. Ta bari sai gobe.

Asabar da safe, na'ura ta nuna ɗari biyu da tamanin. Sista Halima Sadiya ta cire tabarau ta dube shi.

"Malam, saura mako uku. Don girman Allah ka faɗa min, me ka ci a makon nan?"

Malam ya dafa ƙirji. "Ban ci komai ba sai ƙwai da kifi da ganye. Ki tambayi mai tukunya, ga ta nan zaune."

Batula ta gyara mayafi, ta ce cikin ladabi, "Sista, ba haka ake tambayar malamin Hausa ba. Bari in taya ki."

Ta juya wajen mijinta.

"Malam, me ka sha?"

Malam ya buɗe baki ya rufe. Ya gyara hula, ya sake gyarawa.

"To... ɗan abin da ba a rasa ba. 'Yar fura haka, a gidan Ɗantani."

"Curi nawa?" in ji Batula.

"Huɗu."

"Da me a ciki?"

"Zuma. Ai zuma magani ce!"

"Mangwaro fa?"

Nan Malam ya miƙe zaune, malantar ta motsa. "Ku tsaya! Takarda cewa ta yi abubuwan da ba a ci. Fura cin ta ake yi? Mangwaro cin sa ake yi? Ke Halima, ban koya miki wannan ba?"

Sista ta kifa kai a tebur, kafaɗunta na rawa. Da ƙyar ta ɗago.

"Ka koya min, Malam, har na ci jarrabawar. Amma cikinka bai zauna a ajinka ba. Shi bai san ci ba, bai san sha ba. Da me ake yin fura?"

"Gero."

"Tuwon da ka bari fa, da me Mama take tuƙa shi?"

Malam ya amsa, murya ƙasa-ƙasa. "Gero."

"To ka bar malmala biyu a Gaya, ka je Toranke ka shanye huɗu, da zuma a kai."

Ita kanta Batula sai da ta toshe baki da mayafi. Sista ta ƙara masa bayani cewa akwai masu kiyayewa sosai amma su ga sugansu ya hau da safe saboda wasu dalilai na jiki, shi ya sa ba a saurin ɗora wa kowa laifi, ma'aikacin lafiya ake tambaya. "Amma naka, Malam, ba sai mun wahalar da likita ba. Naka a ƙwarya yake."

Malam bai ba da haƙuri ba a ranar, girman kai bai bari ba. Amma kujerar nan ta ɓace daga ƙofar madafa. Ya ɗauko alƙalami ya ƙara layi a kan kwali: BA A KUMA SHA. Ya jero fura, kunu, koko, zuma, mangwaro, rake.

Aka aika wa Ɗantani. Ya yi ta salati yana cewa ashe da hannunsa yake cutar abokinsa. Daga ranar Litinin, dafaffen ƙwai biyu da 'yar soyayyar gyaɗa Hanne take ajiye wa Malam da azahar, shi kuma Ɗantani ya zauna yana gadin bishiyar mangwaro da sandarsa.

Asabar ta gaba, ɗari da casa'in. Ta bayanta, ɗari da hamsin. Ranar aiki da safe aka auna a Kano, ɗari da ashirin da takwas. Batula ta ɗaga hannu sama tana hamdala a gaban kowa, ba ta ko ji kunya ba.

Aka yi aiki lafiya. Washegari likita ya cire bandejin a hankali, ya ce, "Malam, buɗe. Me kake gani?"

Malam ya ƙifta, ya ƙifta. Haske ya shigo tar. Abu na farko da ya gani Batula ce tsaye a gefen gado riƙe da jakarsa. Ya zuba mata ido. Ya ga kumatunta sun faɗa, ya ga awarwaron da a da yake kama hannunta yanzu yana zamewa har gwiwar hannu.

"Batula, me ya same ki? Ciwo kika yi ban sani ba?"

"Lafiyata ƙalau, Malam."

Sista Halima Sadiya, wadda ta rako su, ta ce, "Malam, tun ranar da ka buga kwalin nan Mama ba ta sa tuwo a baki ba. Abin da ka ci shi take ci. Ita kuma ba ta da Ɗantani."

Sabon idon ya cika da ƙwalla, likita yana cewa kada ya murza.

"Ashe ke kika yi keto ɗin, ni suna kawai na ɗauka. Kuma na zauna a ƙofar madafa ina tuhumar ki. Ki yafe min, Batula, don Allah."

"Na yafe tun a ranar, Malam."

"To yau in mun koma Gaya ki tuƙa tuwo, miyar kuka, da man shanun Hanne. Ki zauna a gabana ki ci, ina so in gani da idona."

Batula ta yi murmushi. "In ci, ko in sha?"

Malam ya yi dariyar da sai da likita ya riƙe masa kai.

"Duk wanda kika ce, Batula. Yau ba gyara."

Darasi: Kafin ka zargi wanda yake wahala dominka, fara bincikar abin da kai kake yi a inda ba ya gani. Ilimi ba ya hana kuskure, girman kai ne yake hana a gano shi da wuri. In kana fama da suga, ka faɗa wa ma'aikacin lafiya duk abin da ya wuce ta maƙogwaronka, wanda ka ci da wanda ka sha. Ku tura wa 'yan uwa da abokan arziki, musamman wanda kuka san yana da nasa Ɗantanin.