Abin da Ke Cikin Aljihun Malam

Malaminmu, Allah Ya ƙara masa yarda, masani ne mai tsantseni da yawan azumi, wanda ya zaɓi koyarwa a makarantar da ta fi kowace lalacewa a garin, inda yara ke zama a ƙasa, yunwa kuma ta kwantar da wasunsu kafin a tashi. Shekarar da ɗalibansa suka fi 'ya'yan masu hali cin jarrabawar shiga sakandare, sai ofishin ilimi ya turo sufeto ya sake gwada su, in ya ga alamar maguɗi ya soke sakamakon, yaran su koma talla da dako.

Sufeton nan kuwa ko sallama aka yi masa sai ya juya ta ya duba bayanta. Ranar gwajin ya laɓe a jikin taga, ya ga Malam tsaye a ƙofar aji, yana sa hannu a aljihu yana danƙa wa kowane yaro wani abu, yaron kuma ya yi wuf ya ɓoye.

"Yau dai na kama ka, Malam! Amsa kake raba musu?"

Ya ɓamɓare hannun wata yarinya. Gutsuren burodi ne, da ɗuminsa.

"Kunya ce ke sa su ɓoyewa," in ji Malam.

Zargin bai sake shi ba. Yaya aljihu ɗaya zai ciyar da aji guda? Ya zura nasa hannun ya zazzage aljihun, bai sami komai ba sai huda a ƙasa, har yatsansa ya leƙo. Malam ya yi bisimilla ya mayar da hannunsa cikin aljihun, ya sallami sauran yaran ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ciro wani gutsuren ya miƙa wa sufeto.

"Karɓi, ɗana. Kai ma ba ka karya ba, ka bar wa yaranka ɗan abin da ya rage."

Jikin sufeto ya yi sanyi, domin ko matarsa ce mata ya yi zai ci a ofis. Ya ci yana hawaye. Yaran suka rubuta jarrabawar a gaban idonsa, suka sake cin ta.

Tsarki ya tabbata ga Mai ciyar da bayinSa ta inda ba su zata ba. Allah Ya ɗaukaka darajar Malam, Ya sa mu da 'ya'yanmu cikin albarkarsa, amin.