Tubali Dubu Goma da Bakwai

An ce wai wata rana da hantsi, hadari na haɗuwa a gabas, wani magini mai suna Nomau ya zo gaban Alƙali Ilu, jikinsa duk laka, ransa a ɓace.

Wanda ya kawo ƙara shi ne Alhaji Cindo, attajirin da ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan fadamar Nomau. Cindo ya ba shi aikin katanga daga ƙofar gidansa zuwa gabas, da tubali dubu goma da bakwai. Sharaɗin, a gaban shaidu: kowane jeri ya zo daidai da ɗan'uwansa, kada a fasa tubali, kada ko ɗaya ya ragu. In ya kasa, fadama ta zama ta Cindo. Nomau kuwa, da ganin ladan mai tsoka ne, ya amsa.

Nomau ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na gwada jeri biyu, ɗaya ya ragu. Na gwada uku, biyu suka ragu. Bakwai, huɗu. Na yi ta rabo da tsakuwa har yatsuna suka yi kanta. Wannan ba aiki ba ne, tarko ne!"

Cindo ya gyara rawani, ya ce, "Ni na kama bakinka ka amsa?"

Alƙali ya duƙufa yana lissafi a faifan yashi, fuskarsa tana ƙara murtukewa. Can ya ɗago, ya ce, "Lambobi iri-iri ne. Akwai mai rabuwa biyu, akwai mai rabuwa gida-gida. Akwai kuma wadda ba ta rabuwa sai da ɗaya ko da kanta, kuma wannan tana cikinsu. Wanda ya zaɓo ta ya sani. Amma sharaɗi yana nan."

Cindo ya yi murmushi.

Alƙali ya ci gaba: "Tunda jeri ɗaya kaɗai ke cinye su, Nomau, ka shimfiɗa jeri ɗaya, daga ƙofar Alhaji ka miƙe gabas. Alhaji, me ke gabas da ƙofarka?"

"Rumbunana ne... da turakata, da garke."

"To, a rushe su aiki ya wuce. In ka hana, kai ka karya sharaɗi, ba shi ba."

Nan take Cindo ya ce ya janye, ya fita yana tuntuɓe da bakin riga. Alƙali ya dubi jama'a, ya ce, "Wanda ya nemi ilimi don ya rufe wa wani hanya, ya duba da kyau, wataƙila hanyar da ta rage ta tsakar gidansa za ta bi."

Da la'asar ruwa ya sauko. Nomau na komawa fadamarsa ya ga gindin zauren Cindo ya zaizaye, ruwa na shiga. Ya yi tsaki, ya wuce, sannan ya dawo ya ɗauki tubali ɗaya ya toshe. Cindo na zaune a ciki yana kallo.